Farar Jaka, Baƙin Hayaƙi

Ran Laraba aka jawo motar Arzika da igiya,
tun daga kwanar Dange har ƙofar garejina.
Gabanta ya lotse kamar gwangwanin madara
da yaro ya taka.
Na leƙa ciki ina neman jini,
ban samu ba.
Sai wata farar jaka bisa sitiyari,
ta saki jiki, ta langaɓe
kamar salkar da aka shanye.

Arzika na bayana yana ɓare gyaɗa.
Ƙulu a goshi, leɓe a fashe, shi ke nan.
Ya ce, “Raƙumi ne, Gado, da rana tsaka.
Ban gan shi ba sai da ya cika gilashi.”

Shi ne fa bara ya ce in cire masa jakar,
wai wani ya taya ta da tsada.
Na ce ba ni da sifanar da ke shiga wurin.
Ƙarya na yi, tana cikin aljihuna.
Bel ɗin ma don idon jami’ai yake ɗaura shi,
ranar ya wuce shinge ya manta bai kwance ba.
Na san ajali ba ya tsoron igiya,
amma inda aka ce a dogara
can aka ce a ɗaure.

Da dare, teburin Labbo mai shayi a Runjin Sambo,
wani ya kawo jita-jita:
wai za a fara auna hayaƙin mota,
a kafa wa salansa mudu kamar gero.
Hali mai tifa ya dangwarar da kofi.
“Mi za su auna? Su fara auna cikinmu.
Motag ga ta girmi ɗiyata ta fari,
baki goma sha ɗaya take ciyarwa.
In sun kashe ta, wa ka ba ni sabuwa?”
Sidi, mai kwana a ɗakin yara na asibiti,
bai ɗaga murya ba.
Ya ce, “Zo ka yi dare ɗaya tare da ni,
ka ji ƙirjin jinjiri na busa kamar sarewa.”
Aka yi ta ja har burodi ya ƙare.
Hali bai yi ƙarya ba.
Sidi ma haka.

Ni ban tofa ba,
don hannuna ya san abin da ya sani.
A cikin salansa akwai wani abu kamar saƙar zuma,
mu indomi muke ce masa,
shi ke tace guba kafin ta fita titi.
Na ciro fiye da ɗari, ban ƙirga ba,
masu saye na zuwa da la’asar, kuɗi a hannu.

Jakar na ƙi taɓawa,
don na san fuskar da za ta tare,
na san sunan uwarsa.
Wanda saƙar ke tsarewa ba shi da fuska,
mai tallan awara ne a shataletale,
ɗan kabu-kabu ne a bayan tirela,
kowa ne, wato ba kowa.

Haka na ɗauka,
har Kulu ta fara tashi cikin dare
tana neman iska da kafaɗu,
shekara shida, makaranta a bakin titi.

Yau da hantsi wani ya faka jar mota,
ya ce, “Oga, a cire, a raba kuɗin.”
Rabona daidai yake da maganin shaƙar Kulu
na wata biyu.
Na shiga ƙarƙashi, zarto a hannu,
ƙarfen bai gama hucewa ba.
Ya leƙo ya ce, “Lafiya?”
Na ce, “Bari ya huce tukuna.”

Ya daɗe da hucewa.
Har yanzu ina kwance.